Ayarin Babura Domin Taimakon Yara: Yadda Aka Tashi Daga Sikotilan Zuwa Ƙurewar Afirka

Ranar Asabar 12 ga watan Mayu, 2007, wani ƙaramin ayari na babura uku da motoci biyu ya tashi daga ƙauyen John o' Groats, can a ƙurewar arewacin ƙasar Sikotilan, ya fuskanci kudu. Inda ayarin ya dosa kuwa shi ne birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, tafiyar mil 15,000, watau wajen kilomita 24,000, ta cikin ƙasashe 18. Madugan tafiyar mutum biyu ne, Ewan McGregor da Charley Boorman, dukansu 'yan wasan silima ne na Birtaniya, kuma aminan juna. Sun ɗora wa kansu wannan ɗawainiya da niyya biyu. Ta fari, su kashe ƙishirwarsu ta yawon duniya bisa babur. Ta biyu, su jawo hankalin jama'a, da aljihunsu, zuwa ga waɗansu ƙungiyoyi uku masu aikin jinƙai.

Ƙungiyoyin su ne Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fi sani da UNICEF, da wata ƙungiya ta Sikotilan mai suna CHAS, wadda ke riƙe da gidajen jinyar yara masu cutar da ba a sa ran warkewarta, sa'an nan da Riders for Health, wadda ke kula da baburan ma'aikatan lafiya a karkarar Afirka. Wanda ya ga mahayan nan a ranar, sun sha hulunan kwano, sun ɗaure kaya tam, zai zaci a nan ne tafiya ta soma. Alhali kuwa abin da zai sa ta yi amfani ko ta tashi a banza an riga an gama shi tun watanni da suka wuce, gama tun kafin a tada inji an san waɗanda ake yi dominsu, an san inda za a ya da zango a gan su, an kuma tanadi abin da zai kai ayarin can.

MAFARIN SHAWARA

An haifi McGregor a shekarar 1971, ya tashi a garin Crieff na Sikotilan, duniya kuwa ta san shi ƙwarai saboda fitowarsa a finafinan Star Wars guda uku tsakanin 1999 da 2005. Shi kuwa Boorman an haife shi a 1966, ɗa ne ga shahararren mai shirya fim ɗin nan John Boorman. Sun haɗu ne wurin ɗaukar wani fim mai suna The Serpent's Kiss wanda ya fito a 1997, hira ta kai su ga zancen babur, sai kowa ya tarar ɗan'uwansa ma cutar da ke damunsa ke nan. Daga nan abota ta ƙullu.

Tafiyarsu ta fari sun yi ta a shekarar 2004. Sun bar Landan ranar 14 ga Afrilu, suka yi gabas, suka ratsa Turai da Yukiren da Kazakistan da Mongoliya da Saberiya, suka haye zuwa Alaska ta jirgin sama, suka isa Niyok ranar 29 ga Yuli, bayan sun ci wajen mil 19,000. Kamfanin baburan da suka fara nema ya janye hannunsa ana cikin shiri, don yana tsoron ba za su kai ba, sunansa ya ɓaci. Sai kamfanin BMW na Jamus ya ba su nasa.

A cikin wannan tafiya suka ziyarci ayyukan UNICEF a wurare uku. Wanda ya fi sosa musu rai shi ne na Ulan Bato, babban birnin Mongoliya, inda suka ga yaran da ba su da gata suna kwana a ramukan ƙarƙashin ƙasa, jikin bututun ruwan zafi, don gudun sanyin da ke kashe mutum a waje. A shekarar nan McGregor ya zama jakadan UNICEF na Birtaniya. Boorman kuma ya shiga tseren Dakar a watan Janairu na 2006, ya fito da karaya a hannuwansa biyu, amma ya ɗanɗana sahara. Saboda haka da aka zo shawarar tafiya ta biyu, Afirka aka zaɓa, kuma tun daga zaman farko maganar yara tana cikin lissafi.

WURIN TASHI

John o' Groats ƙauye ne ɗan ƙarami a bakin teku, mutanensa 'yan ɗaruruwa ne, iska ba ta raga masa rani da damina. Ya samo sunansa daga wani mutumin Holan, Jan de Groot, wanda ya yi sana'ar fito daga nan zuwa tsibiran Orkney a ƙarshen ƙarni na 15. Abin da ya ɗaukaka ƙauyen shi ne daga gare shi zuwa Land's End, ƙurewar kudu maso yammacin Ingila, mil 874 ne, watau tsawon babban tsibirin Birtaniya daga kai zuwa ƙafa. Don haka ya zama al'ada duk mai son ya wahalar da kansa domin tara kuɗin taimako, a nan yake tashi ko a nan yake sauka, wani a ƙafa, wani a keke, wani a keken guragu. A shekarar 1985 shahararren ɗan wasan kurket Ian Botham ya taka wannan hanya da ƙafa domin tara kuɗin binciken cutar sankarar jini.

Mai karatu zai iya tambaya, ta yaya tafiyar wani za ta zama kuɗi a hannun marar lafiya? Ga yadda Turawa suke yi. Mai tafiya yakan bayyana wa jama'a niyyarsa da sunan ƙungiyar da yake yi wa, sai dangi da abokai da kamfanoni su yi alkawarin ba da wani abu, wani a kan kowane mil, wani dunƙule ɗaya idan an kai. Wahalar da matafiyin ya sha ita ce shaidar cewa da gaske yake, ita ce kuma ke sa jaridu da gidajen rediyo su ɗauki labarin. Su McGregor sun ƙara wani abu a kan wannan. Sun tafi da masu ɗaukar hoto, don a mai da tafiyar shirin talbijin da littafi mai suna Long Way Down, yadda duk wanda ya zauna kallon babura a sahara, tilas ya kalli yaran da aka tsaya gani.

AIKIN DA BA A GANI

Tsofaffin da suka san labarin fataken Gwanja sun san ayari ba ya tashi da madugu kaɗai. Akwai jagaba mai shiga gaba ya duba hanya, akwai uban dawaki mai tattara kuɗin fito da na zango, akwai malamin ayari mai riƙe da lissafi. Haka wannan ayari yake. Babur na uku Claudio von Planta ke bisansa, mai ɗaukar hoto wanda ya bi su tun tafiyar 2004. A cikin motocin nan biyu, ƙirar Nissan Patrol, akwai masu shirya fim ɗin, Russ Malkin da David Alexanian, da wani mai ɗaukar hoto, da mai kula da tsaro, da ma'aikacin lafiya. A Landan kuma an bar ofis guda, aikinsa bin takardu da buga waya.

Takardu su ne suka fi cin lokaci. Ban da biza ta kowace ƙasa, kowane abin hawa sai an yi masa wata takardar kwastan da ake kira karne. Ita wannan takarda lamuni ce cewa babur ɗin da aka shigo da shi ƙasa za a fita da shi, ba za a sayar a ɓoye a guje wa haraji ba. Ana buga mata hatimi wajen shiga, a sake bugawa wajen fita, kuma kafin a bayar da ita sai an ajiye jingina. A wancan lokaci jinginar da Masar take nema ta ninka kuɗin abin hawan sau da yawa. Libiya kuwa, a zamanin Kanar Gaddafi, ba ta barin baƙo ya ratsa ta sai da ɗan rakiya, kuma mutum biyu daga cikin ayarin masu fasfo na Amurka ba su sami izinin shiga ba, sai suka yi zagaye ta jirgin sama suka jira a Masar.

Bayan takardu sai jiki. An yi musu allurar rigakafi iri iri, har da ta cutar shawara, wadda ba a ƙetare iyakoki da yawa a Afirka sai da katinta, aka kuma tanadi maganin zazzaɓin cizon sauro. Sun shiga horo na musamman a kan yadda mutum zai yi idan 'yan bindiga sun tare shi, da yadda ake tsai da jini kafin a kai asibiti. Baburan kuwa ƙirar BMW R1200GS Adventure ne, tankin kowanne yana cin lita 33, nauyinsa da mai a ciki ya haura kilo 250 tun ba a ɗora masa akwatuna da tanti ba. Irin wannan babur idan ya faɗi cikin rairayi, ɗaga shi aiki ne na mutum biyu, wannan ma yana cikin dalilan da suka sa ba a son tafiyar kaɗaici.

Sa'an nan ga lissafin kwanaki. A shekarar 2007 babu hanyar mota a buɗe tsakanin Masar da Sudan. Sai dai a shiga jirgin ruwa a Aswan, a bi Tafkin Nasir zuwa Wadi Halfa, jirgin kuwa sau ɗaya yake tashi a mako. Wanda ya makara da sa'a ɗaya ya yi hasarar kwana bakwai. A gaba kuma damina tana sauka a tsaunukan Habasha daga watan Yuni, ga ma'aikatan UNICEF a ƙasashe uku an ba su rana. Saboda haka ranar 12 ga Mayu ba ranar da za a ɗaga cikin sauƙi ba ce, gama komi yana rataye da ita.

CIKAS UKU

Duk da wannan shiri, sau uku tafiyar tana neman wargajewa tun ba a fara ba. A cikin watannin shiri McGregor ya yi haɗari da babur a titin Landan, sa'ad da wani mai tafiya a ƙasa ya shiga gabansa, ya karye a ƙafa. Mutumin da ya ratsa Saberiya lafiya, ga shi an ɗaure masa ƙafa a kusa da gida. Sai da aka yi ta lissafi ko ƙashin zai haɗe kafin ranar tashi, aka yi sa'a ya haɗe.

Ana sauran 'yan kwanaki, sai aka kwantar da matar Boorman a asibiti da ciwon huhu mai tsanani. A nan mutumin ya shiga tsaka mai wuya, ko ya bar iyalinsa a gadon asibiti ya tafi wata uku, ko ya tsai da ayarin da mutane da yawa suka zuba ƙarfinsu a kai. Ita da kanta ta ce ya tafi, ta kuwa sami sauƙi daga baya.

Na uku kuwa, baki shi ke yanka wuya. A filin jirgin sama na Gatwick, sa'ad da za su tashi zuwa Inverness don su ƙarasa wurin tashi, Boorman ya furta wata magana da ta shafi bom, a lokacin da Birtaniya ba ta wasa da irin wannan kalma, shekara biyu ba ta cika ba da harin da aka kai Landan a watan Yuli na 2005. 'Yan sanda suka tsare shi suka yi masa tambayoyi, jirgi ya tafi ya bar shi. Da suka tabbata ba shi da wata mugunyar niyya suka sake shi ba tare da tuhuma ba, ya bi wani jirgi ya cim ma 'yan'uwansa. Da haka aka samu aka tashi a ranar da aka sa.

ZANGON FARKO

Tun ba su fita Sikotilan ba suka ya da zango a wani gida mai suna Robin House, a garin Balloch kusa da tafkin Lomond. Ƙungiyar CHAS, wadda aka kafa a 1992, ita ta buɗe shi a 2005, bayan na farko da ta buɗe a Kinross a 1996. Gida ne na yaran da likitoci suka tabbatar cutarsu za ta gajarta musu kwana. Ana kawo yaro ya yi 'yan kwanaki, ma'aikatan jinya su karɓi ɗawainiyarsa dare da rana, iyayen da suka shekara ba su yi barcin kirki ba su samu su runtsa, 'yan'uwansa su yi wasa kamar sauran yara. Idan wa'adi ya zo kuma, a nan ake zama da iyalin har a gama. Ba a karɓar ko kwabo daga iyaye, kuma babban rabo na kuɗin tafiyar da gidan daga gudummawar jama'a yake fitowa.

McGregor ya daɗe yana tallafa wa wannan ƙungiya. Sa wannan gida a farkon hanya kuwa ya gyara wa tafiyar fuska. Mai kallo a Ingila da ya shirya ganin Turawa sun je Afirka ba da taimako, sai ya fara da ganin yaran ƙasarsa da iyayensu cikin irin tasu bukata. Daga nan ayarin ya gangara Ingila, ya haye Faransa, ya ratsa Italiya har tsibirin Sisili, inda ya shiga jirgin ruwa zuwa Tunis. A nan tayoyin suka fara taka ƙasar Afirka.

MASU JIRA A HANYA

Wurare uku UNICEF ta shirya musu. Na farko Zalambesa ne, wani gari na Habasha a kan iyaka da Iritiriya, wanda yaƙin ƙasashen biyu na 1998 zuwa 2000 ya rusa. Sojoji sun janye, amma nakiyoyin da suka binne suna nan cikin gonaki da makiyaya, nakiya kuwa ba ta san an yi sulhu ba. Yara su suka fi faɗawa, domin su ke kiwo, su ke itace, su ne kuma ke ɗaukar duk wani baƙon ƙarfe da suka tsinta. A can mahayan suka sadu da matasan da nakiya ta raba da gaɓoɓinsu, suka ga yadda ake koya wa 'yan makaranta gane ta da guje mata.

Na biyu Gulu ne, a arewacin Yuganda. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 'yan tawayen Joseph Kony suke sace yara daga ƙauyuka, maza su ba su bindiga, mata su mai da su bayi, har adadin ya kai dubun dubata. A shekarun da abin ya yi tsanani, dubban yara sukan tako da ƙafa kowace yamma zuwa cikin gari su kwana a barandar shaguna da harabar asibiti, da safe su koma gida. An tsagaita wuta a watan Agusta na 2006, saboda haka lokacin da ayarin ya iso, babban aikin da ke gaba shi ne mayar da yaran da suka kuɓuta cikin danginsu, alhali waɗansunsu an tilasta musu yin ɓarna a ƙauyukan nasu.

Na uku a Malawi ne, inda cutar ƙanjamau ta mai da ɗaruruwan dubban yara marayu. A can mutanen ƙauye ne da kansu suke kafa wuraren renon yara, inda ƙanana za su sami abinci da kulawa da rana, yayyensu kuma, waɗanda mutuwar iyaye ta mai da su masu gida, su samu su koma makaranta.

BABUR DA KE ZAMA

Daga cikin ƙungiyoyin uku, Riders for Health ita ce tafiyar ta fi dacewa da ita, domin ita ma daga babur ta fito. Barry Coleman da matarsa Andrea, tare da Randy Mamola, wani gwanin tseren babur ɗan Amurka, sun fara tara wa ƙungiyar Save the Children kuɗi a filayen tsere a tsakiyar shekarun 1980. A 1988 aka kai waɗansunsu Somaliya su ga inda kuɗin ke tafiya. Abin da suka gani ya ba su haushi. Ga baburan da aka saya wa ma'aikatan lafiya a jingine jikin bango, waɗansu ba su yi wata nisa ba, sun mutu saboda rashin canjin baƙin mai, ko fulogi, ko wani ɗan ƙarfe na kuɗi kaɗan. A ƙauyuka kuma yara suna jiran allurar da babu mai kai ta.

Dabarar da suka kawo ba ta da wuyar ganewa. Ana koya wa ma'aikacin lafiya hawa, a kuma koya masa duba baburinsa kowace safiya kafin ya fita: mai, da baƙin mai, da sarƙa, da notuna, da birki, da taya. Makaniki kuma shi ke zuwa wurin babur a kan ƙa'ida, ya canza kayan da lokacinsu ya yi tun ba su lalace ba. Ana lissafa abin da kowane kilomita ke ci, a sa shi cikin kasafin kuɗi tun farkon shekara. Da aka gwada wannan a Lesoto daga 1991, babura 47 suka yi shekara biyar suna aiki ba tare da sun tsaya a hanya ba. A 1996 ƙungiyar ta tsaya da ƙafafunta, ta kuma yi aiki a ƙasashe da dama, har da Gambiya da Zimbabuwe da Kenya da Nijeriya. Baburan su McGregor wucewa suka yi sau ɗaya, amma kuɗin da aka tara wa wannan ƙungiya na baburan da ke bin hanya ɗaya kowane mako ne, ɗauke da allura da magani da jinin gwaji.

ABIN DA MASU SUKA KE CEWA

Tafiya irin wannan ba ta rasa masu suka, kuma maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya. Suna cewa mutum biyu masu hali, da motoci biyu a bayansu, da ma'aikacin lafiya, da wayar tauraron ɗan'adam, ba su san wahalar da direban babbar mota ko ɗan kasuwar da ke bin hanyar nan kullum yake sha ba. Suna kuma cewa wanda ya ratsa nahiya guda cikin mako goma sha biyu, ƙura kawai ya gani. Su kansu mahayan sun yi ta gunaguni a kan gaggawar, har ta jawo saɓani a cikin ayarin, musamman a kan hanyar zuwa jirgin Aswan.

Amma kuma babur ba ya ɗaukar hatsin da zai ciyar da gari. Abin da ayari irin wannan ke ɗauka shi ne idon jama'a. Sa'ad da gidan talbijin na BBC ya fara nuna shirin a ƙarshen watan Oktoba na 2007, kashi shida, mutanen da ba su taɓa jin sunan Zalambesa ko Gulu ba suka ga yaran da fuskokinsu, suka ji daga bakinsu, gani kuwa ya kori ji. Har ila yau, shirin ya nuna Afirkar da labaran yaƙi ba su nunawa. A Sudan, inda gargada da zafi suka gallabi baburan, mutanen ƙauye ne suka yi ta tarbarsu da shayi da fara'a. Ma'aunin da ya kamata a auna irin wannan tafiya da shi shi ne, shin an ambaci masu cin moriya tun kafin a tashi, an kuma je inda suke? A wannan ayari an yi duka biyu.

BAYAN SHEKARU

Ayarin ya taɓa Kef Agulas, inda ƙasar Afirka ta ƙare daga kudu, sa'an nan ya shiga Kef Tawun ranar Asabar 4 ga Agusta, 2007, kwana 85 da tashi, da rakiyar mahayan babur na ƙasar masu yawa. Hanyar da suka bi ta sake kama tun daga lokacin. An buɗe hanyar mota tsakanin Masar da Sudan a 2014, an kuma shimfiɗa kwalta a hanyar Moyale zuwa Isiolo ta arewacin Kenya, wadda a da ake bi da rakiyar masu bindiga. Amma Libiya ta rikice daga 2011, yaƙi ya sake cin yankin Zalambesa daga 2020 zuwa 2022, Sudan kuma ta faɗa cikin nata a watan Afrilu na 2023. Aminan biyu sun sake tafiya a 2019, daga ƙurewar Ajantina zuwa Los Anjalis, bisa baburan lantarki.

A ƙasar nan ma an ga irin wannan himma. Ranar 19 ga Afrilu, 2022, Kunle Adeyanju, wani ɗan ƙungiyar Rotary daga Legas, ya bar Landan shi kaɗai a kan babur ƙirar Honda, ya ratsa sahara ta yamma, ya iso Legas ranar 29 ga Mayu, bayan tafiyar fiye da kilomita 12,000. Ya yi ne domin tara kuɗin yaƙi da cutar shan inna, wadda aka ga ƙwayarta ta asali karo na ƙarshe a Nijeriya a Jihar Borno a 2016, aka kuma tabbatar da kawar da ita daga Afirka ranar 25 ga Agusta, 2020, ko da yake aikin rigakafi bai ƙare ba. Shi ma tun kafin ya tada inji ya faɗi cutar da yake yaƙa da asusun da kuɗin zai shiga.

Ƙungiyoyin mahayan babur suna ƙaruwa a biranen ƙasar nan, kuma daga na gaba ake gane zurfin ruwa. Duk ƙungiyar da ta yi niyyar fita domin taimako, ya kamata ta fara zama da asibitin ko gidan marayun da take nufi, ta ji abin da suke bukata daga bakinsu. Ta raba kuɗin mai da na masauki daga kuɗin gudummawa, kowanne da littafinsa. Ta naɗa jagaba da mai bin baya, ta tafi da makaniki da wanda ya iya taimakon farko, ta sanar da hukumomin tsaro hanyar da za ta bi, ta kuma haramta tafiyar dare. In an komo, ta buga lissafin abin da aka tara da wanda ya karɓa, don waɗanda suka ba da naira ɗari su ga inda ta shiga, su kuma yarda su sake bayarwa a tafiya ta gaba.